Gwamnati ta riƙe mudu, ta sakar wa kasuwa mara

A ƙarƙashin teburin shagona da ke Sabon Garin Zariya akwai wani tsohon gwangwanin madara, irin babban nan, wanda ba na zuba komai a cikinsa sai takardun da aka yanka mini. Akwai fara, akwai shuɗiya, akwai ruwan ɗorawa. Wata ta shara ce, wata ta allon da na kafa a bakin ƙofa, wata ta lodi, wata ta sauke lodin, wata kuma hatimin da ke jikinta ya dushe tun ranar da aka miƙo mini, adadin kuɗin kaɗai ke karantuwa. Hatsi nake sayarwa, masara da dawa da wake da waken suya. Na fara tara takardun ne don kare kaina, bayan an karɓi kuɗin abu ɗaya a hannuna sau biyu cikin wata guda. Yanzu kuwa su ne hujjata duk sa'ad da gardama ta kaure a majalisarmu ta bayan la'asar.

Kwanan baya wani abokina, malamin makaranta ne mai yawan karatu, ya ce matsalar Najeriya ita ce mutane ba sa biyan haraji. Ya kawo alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa, cewa a 2021 harajin da aka tara bai kai kashi 11 cikin 100 na arzikin da ƙasa ta samar ba, alhali ƙasashe da yawa a Afirka sun wuce haka. Ban musa masa ba, don lissafin daidai ne. Na sunkuya na ciro gwangwanin, na juye shi a kan buhu.

"Malam, don Allah duba mini. Waɗannan sun shiga lissafin nan naka?"

Ya ɗauki biyu ya jujjuya su, ya yi shiru, sannan ya ce, "Alhaji, wasu sun shiga, wasu kuwa a hanya suka tsaya."

To nan ne maganata take. Abin da ke isa baitulmali kaɗan ne, gaskiya. Amma abin da ke fita daga aljihun talaka ba kaɗan ba ne. Tsakanin aljihun da baitulmalin akwai wawakeken rami, kuma duk wanda ya dubi baitulmali kaɗai ya ce a ƙara haraji, yana ƙara wa jakin da kaya suka riga suka danne ne. Taiwo Oyedele, wanda ya shugabanci kwamitin gyaran haraji da shugaban ƙasa ya kafa a 2023, ya sha faɗi da bakinsa cewa nau'o'in harajin da ake karɓa bisa hukuma sun haura 60, waɗanda ba na hukuma ba kuwa sun fi haka nesa ba kusa ba.

Duk wanda yake son ya ga na biyun, ya biyo motar kaya daga kasuwar Giwa ko ta Ancau zuwa Zariya da dare. Ni nakan biyo kayana. Direba tun kafin ya tayar da mota ya naɗe ƙananan kuɗi ya jera su a tsakanin yatsunsa, kowace takarda da inda za ta. Ba a jima ba sai ka hango tocila tana lilo, ga ganga a tsakiyar titi, ko igiya, ko katako mai ƙusoshi. Wata rana direban ya leƙa ya ce, "Yallaɓai, an riga an yanka mana a baya, ga ta nan." Mai tocilar ko kallon takardar bai yi ba, ya ce, "Waccan ta can ce, nan daban." Aka biya, aka janye katako. Kuɗin nan ba daga aljihun direba suke fita ba, ba kuma daga nawa ba in an bi diddigi. A kan buhu suke hawa, daga buhu su sauka a kan mudu, daga mudu su faɗa kan matar nan da ke zuwa gab da magariba da kuɗinta ƙulle a bakin zani, ta auni mudu ɗaya na tuwon dare. Ba ta taɓa shiga ofishin haraji ba, ba ta da lambar biyan haraji, amma kowane shinge na hanyar nan ita ta biya shi. Gobe kuma ka ji a rediyo ana cewa 'yan kasuwa marasa tsoron Allah ne suka tsauwala farashi. A cikinmu akwai marasa tsoron Allah, ban ce babu ba, zan zo kansu. Amma kura ce ke shan bugu, gardi na karɓar kuɗi.

Akwai kuma harajin da muke biya saboda aikin da ba a yi ba. Gidan da famfo ba ya zuwa yana sayen ruwa a wajen 'yan garuwa, ko unguwa ta haɗa kuɗi ta haƙa burtsatse. Tela a Tudun Wada yana sayen man janareta, ko ya ci bashi ya ɗora sola. Kowane layi na da 'yan sintirin da ake tara wa kuɗi a ƙarshen wata. Yaro yana makarantar kuɗi, ba don uban ya wadata ba. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mu an karɓi ladan, mun kuma je mun biya wani wanzamin.

Mafi muni shi ne wanda ba a yanka masa takarda. A watan Mayun 2023 majalisa ta amince a mayar da naira tiriliyan 22.7 da gwamnatin tarayya ta ranta a Babban Banki zuwa bashi mai dogon zango. Ma'anar wannan rance a harshen kasuwa ita ce an ƙirƙiri kuɗi an zuba su cikin ƙasa ba tare da buhu ɗaya ya ƙaru a rumbu ba. In kuɗi suka yi yawa kaya ba su ƙaru ba, kowa ya san abin da ke biyo baya. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Akwai wasu dalilan, kamar faɗuwar naira da tsadar mai da rashin tsaro, amma wannan yana cikin manyansu. Matar da ke zubin adashi ta shekara tana zubi don ta sayi keken ɗinki, ranar da kwasa ta zo kanta kuɗin ba sa sayen rabinsa. Ba wanda ya shiga ɗakinta, amma an ɗebe mata. Mai gida da fili da dala bai ji komai ba, don dukiyarsa tana tashi tare da farashi.

Da na kawo nan sai abokin nawa ya ce, "Alhaji, kai ma ka zama ɗan Bankin Duniya ke nan." Na san daga ina maganar ta fito. Wanda ya rayu a zamanin tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 bai manta yadda albashi ya narke ba, kuma a wannan gari namu na jami'a an daɗe ana ɗaukar duk mai cewa a sakar wa kasuwa mara a matsayin karen farautar Turawa. Ni kuwa ba a wajen Bature na fara jin wannan magana ba, a zaure na ji ta.

Hadisin Anas ɗan Malik sananne ne, Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito shi. Kaya suka yi tsada a Madina, mutane suka roƙi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙayyade musu farashi. Ya ƙi, ya ce Allah ne mai sanya farashi, mai ƙuntatawa, mai yalwatawa, mai azurtawa, kuma yana fatan ya gamu da Ubangijinsa ba wanda ke bin sa hakkin jini ko na dukiya. Malamai sun yi bayanin inda hukuma za ta iya sa baki, kamar in 'yan kasuwa sun haɗa kai sun ɓoye abinci. Amma asali shi ne a bar mai saye da mai sayarwa su daidaita. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Kitabul Farƙi, da yake lissafa zaluncin sarakunan da ya yi wa jihadi, haraji ya yi ta ambata: jangali, da kuɗin gari, da abin da ake ɗiba a wajen mahauta da masu sayar da auduga a kasuwa. Da yawa daga cikin waɗannan sun dawo daga baya. A nan Zazzau har kuɗin galma an karɓa, wato haraji a kan abin da mutum ke noma da shi, aka karɓi na karofi a wajen marina. Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406, ya rubuta a Muƙaddimarsa cewa daula a farkonta takan sa haraji kaɗan ta tara da yawa, a ƙarshenta ta sa da yawa ta tara kaɗan, saboda mutane sun daina ganin amfanin wahalarsu. Ya kuma keɓe babi guda a kan cewa in sarki ya shiga fatauci da kansa, talakawa sun cutu, baitulmali ma ya cutu. Wannan kusan shekara ɗari huɗu ke nan kafin Adam Smith ya fitar da nasa littafin a 1776.

Kusa-kusa ma, waye ya soke haraji da jangali a jihar nan? Balarabe Musa ne a 1979, shi da Abubakar Rimi a Kano, 'yan PRP, almajiran Malam Aminu Kano. Ba 'yan jari-hujja ba ne ko kusa, kuma da yawa daga abin da nake faɗa a nan ba za su yarda da shi ba. Amma sun ga abin da dattawanmu ke ba da labari har yau, magidanci ya kwana a gona don kada a same shi a gida, ko a shanya shi a rana a gaban iyalinsa saboda bai cika kuɗin ba. Sun fahimci cewa hannun hukuma a aljihun talaka ba ya zama alheri don kawai sunansa hukuma.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, manomin auduga ne, kuma a wajensa na koyi abin da ya fi zauna mini a wannan batu. Zariya garin auduga ce tun kafin Turawa, da masaƙanta da marinanta da maɗinkanta. Da layin dogo ya ratsa ta nan zuwa Kano a 1911, Turawan Ingila suka kafa injin gurza don su kwashe ta zuwa masaƙunsu. A 1949 aka kafa hukumar cinikin auduga da ta gyaɗa, a 1954 aka miƙa aikin ga hukumar Jihar Arewa. Tsarin shi ne hukuma ce kaɗai ke da ikon fitar da amfanin gona waje. Ita ke yanka farashi a farkon kaka, ejan-ejanta masu lasisi su saya, ta sayar a kasuwar duniya, ta riƙe rarar. An ce za a ajiye rarar ne don a tallafa wa manomi ranar da farashi ya faɗi.

Baba ya ce yakan ɗoro audugarsa a jaki tun asuba. Malamin awo ya cusa hannu ya ciro ɗan ƙulli, ya duba, ya ce lamba biyu ce. In ka ce, "Ranka ya daɗe, a sake dubawa," sai a ce ka ja gefe, na bayanka ya matso. Kana iya yini a gefen nan. Ba wani sikelin da za ka kai wa, don duk na mutum ɗaya ne. Na taɓa tambayarsa, "Baba, me ya hana ku ƙin sayarwa?" Ya ce, "Ga takardar haraji na jira a gida? Kasuwar da mai saye ɗaya ne, ai ba ciniki ake yi ba, hukunci ake yanke maka."

Ba zan ɓoye ba, da rarar nan an yi wa Arewa ayyuka, an kafa masana'antu, an yi gine-ginen da muke alfahari da su. Amma guminsu Baba ne, an ɗiba ba a gaya musu nawa aka ɗiba ba, kuma manomi ba wawa ba ne. Da ya ga wahalar ta fi ribar sai ya koma dawa da masara, abin da zai ci ko ya sayar wa wanda ya ga dama. Fari na 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka zo suka tarar da mai noman ya riga ya karaya.

A 1986 aka rushe hukumomin. A nan ne nake rabuwa da masu cewa gwamnati ta tattara nata ya nata ta fice kawai. Manomi ya sami 'yancin sayar wa wanda ya fi tayi, wannan alheri ne. Amma tare da mai saye ɗaya aka kori mai duba inganci da mai raba iri. Iri ya gauraye. Aka riƙa yayyafa wa auduga ruwa, ana cusa yashi don ta yi nauyi, ana ɗura ta a buhun leda da zarensa ke ɓata ta a masaƙa. Sunan audugarmu ya zube. Masaƙun Kaduna, da aka fara da KTL a 1957, suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, rashin wuta da kayan fasa-ƙwauri suka ƙarasa su. Abubuwa biyu ne a hannun gwamnati a lokacin, ciniki da mudu. Kamata ya yi ta saki ciniki ta riƙe mudu, sai ta watsar da duka biyun. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda tushenta ya faro tun 1922, tana nan tana fitar da irin auduga da masara da dawa da gyaɗa. Irin wannan aiki ba ɗan kasuwar da zai zuba kuɗinsa shekara goma yana jiran sakamako, kuma kowace naira da aka kashe a kansa ina goyon bayanta.

Inda gwamnati ta saki ciniki ta tsaya a matsayin alƙali kuwa, mun ga abin da ya faru. Kafin 2001 layukan tarho a Najeriya gaba ɗaya ba su fi rabin miliyan ba. Mai neman layi a gidansa sai ya san wani, sai ya jira. A Janairun 2001 aka yi gwanjon lasisi a bainar jama'a, kowane kamfani ya biya dala miliyan 285. Da farko layi ya yi tsadar da sai wane da wane. Da Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, sauran suka bi dole, ba tare da wata doka ta tilasta musu ba. Yau ɗan dako a kasuwarmu yana da waya, manomi a Soba yana bugo mini ya ji farashi kafin ya ɗaure buhu, dillali ba ya iya rufe shi. Harajin da gwamnati take samu daga wannan harka bai taɓa shigo mata a zamanin NITEL, kamfaninta na tarho, ba.

Sai ka dubi matatar mai ta Kaduna, da aka buɗe a 1980 don tace ganga 100,000 a rana. Shekara da shekaru ba ta tace komai ba, ana biyan albashi, ana ware kuɗin gyara. Da ta ɗan kasuwa ce, da tuni ko ya gyara ko ya sayar, don asarar a jikinsa take. Milton Friedman, masanin tattalin arzikin nan na Amurka, ya yi wani bayani da kowane Bahaushe zai gane in aka kai shi turken raguna. In za ka sayi ragon layyarka da kuɗinka, sai ka dafa gadon bayansa, ka buɗe haƙora, ka taya, ka yi kamar za ka tafi. In an aike ka da kuɗin wani ka sayo wa wanda ba ka sani ba, na farko da aka nuna maka shi ne, yadda aka sallama haka za ka biya. Kusan duk kashe kuɗin gwamnati irin na biyun ne. Ba sai ma'aikaci ya zama ɓarawo ba kafin a yi asara, ya isa kawai kuɗin ba nasa ba ne, ragon ma ba nasa ba.

Tallafin mai ya lashe sama da naira tiriliyan 4 a 2022 kaɗai. Na goyi bayan cire shi kuma har yanzu ina kan bakana, don na ga wanda yake ci. Gidan mai a rufe, 'yan bumburutu jere a bakin ƙofarsa da galan-galan. Tankoki suna tsallakawa Nijar da Kamaru da Benin. Mai motoci biyar yana shan kaso biyar, mai tafiya a ƙasa yana shan ƙura. Amma ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire shi ta zo wa mutane kamar saukar aradu, kuma ƙarya ne wani ya ce bai ga wahalar ba. Na ga ɗalibai suna takawa daga Kwangila zuwa Samaru da tsakar rana. Na ga masu auna mudu biyu sun koma rabi. Abin da ke ci mini rai shi ne maganar sakar wa kasuwa mara ƙafa biyu gare ta. Ɗaya, gwamnati ta daina sayar da abu ƙasa da kuɗinsa. Ɗayar kuwa, ta rage nata cikin, ta bar wa mutane kuɗinsu. Ta farko aka taka, ta biyun tana rataye. Wata uku bayan cire tallafi aka rantsar da ministoci 45. Rahoton kwamitin Oronsaye ya ba da shawarar rage hukumomin da doka ta kafa daga 263 zuwa 161 tun a 2012, an yi ta alkawarin aiwatarwa. Kason da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa daga Abuja ya ƙaru sosai bayan cire tallafin. Wannan kuɗin fasinjan Samaru ne, kuma yana da hakkin ya tambayi inda suka shiga.

Dokokin da ake kafa wa ciniki ma haka suke, kowace da kyakkyawar niyya a goshinta. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa har zuwa Disambar 2020 don a kare manomin shinkafa. Shinkafa ta yi tsada, 'yar waje ba ta daina shigowa ba, ta dai koma bin daji da dare, kuɗin da za a biya a fito ya koma aljihun masu tsaron hanya. Fataken da ke kai kaya Maraɗi da Damagaram tun kaka da kakanni suka zauna. Aka yi shekaru ana sayar da dala farashi biyu. A farkon 2023 tana wajen naira 460 a hukumance, a wajen 'yan canji ta haura 700. Duk wanda ya san ƙofar da ake bi ya samu ta farko, ya zagaya ya sayar a ta biyu, ya yi kuɗi bai ɗaga ko tsinke ba. Sai canjin kuɗi na farkon 2023, wanda har abada ba zan manta ba. Na tsaya a kasuwar ƙauye na ga dattijo da buhun masara biyu, ba shi da asusun banki, matarsa na kwance ba lafiya. Duk wanda ya taya sai ya ce zai tura ta waya. Ya ce, "Ɗana, ni a hannu nake so, ko nawa ne." Wanda ke da tsabar kuɗi a ranar ya saya yadda ya ga dama. Sai da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Maris, sannan aka numfasa. Waɗanda suka tsara abin a ofis ba su san dattijon nan ba, ba kuma yadda za a yi su san shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ga wani abu da nake so 'yan'uwana 'yan kasuwa su ji, ko ba zai yi musu daɗi ba. Babban attajirin da ke zuwa Abuja a yafe masa kuɗin fito shi kaɗai, ko a hana shigo da abin da yake sarrafawa don ya sayar yadda yake so, ba kasuwa yake ƙauna ba. Hukumar auduga yake son ya zama. Haka da aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, aka yanka wa kowanne yankinsa ba abokin gasa, mai walda a Muciya ba shi da wani wajen da zai koma in bai gamsu ba. Mai saye ɗaya ko mai sayarwa ɗaya, na gwamnati ne ko na ɗan kasuwa, hukuncin nan ne da Baba ya faɗa. Haka ƙungiyar 'yan kasuwar da za ta zauna ta yanke cewa kada kowa ya sayar ƙasa da kaza, ko ta hana baƙo sauke kaya. Ina adawa da wannan ko da ni zan ci ribarsa.

Aikin hukuma yana nan jibge, ba ta taɓa shi ba. Manzon Allah da ya ƙi yanka farashi, shi ne ya shiga kasuwa ya cusa hannunsa cikin tsibin abinci, ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Sura guda aka saukar a kan masu tauye mudu. Yau a kasuwanninmu akwai mudun da aka bubbuge gindinsa, akwai na saye daban na sayarwa daban. Akwai takin da aka cuɗa da yashi, da maganin feshin da ruwa ne, da jabun magani a kemis. Ban taɓa ganin an zo shagona an gwada mudun da nake awo da shi ba, masu zuwa takarda kawai suke yanka. Muna buƙatar kotun da za ta raba rigimar bashi cikin makonni, don rashinta ya sa ba ma ba da kaya sai ga ɗan'uwa ko wanda muka san gidan ubansa, yaro mai ƙwazo da ba shi da kowa ya rasa mai yarda da shi. Muna buƙatar takardar fili da talaka zai samu ba tare da ya tsufa a layi ba, don tun dokar filaye ta 1978 gonar gado ba ta zama jingina a banki sai da sa hannun hukuma. Sama da komai, tsaro. A sassan Giwa da Birnin Gwari manoma sun biya 'yan bindiga kuɗi kafin su shiga gonakinsu, suka sake biya kafin su girbe. Gwamnatin da ta bari wani yana karɓar haraji da bindiga a ƙasarta, da wane ido za ta dubi manomin nan ta ce ya kawo nata?

Sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025, aka tsayar da Janairun 2026 don fara aiki da su, suna da abin yabo. An ɗauke harajin kuɗin shiga ga wanda samunsa bai wuce naira 800,000 a shekara ba, an bar harajin VAT a kashi 7.5 cikin 100 inda yake tun 2020, an sassauta wa ƙananan kamfanoni. A jihar nan ma dokar 2016 ta tattara karɓar haraji a hannun hukuma ɗaya, ta hana karɓar tsabar kuɗi hannu da hannu, kuma kuɗin shigar jihar ya ninka cikin 'yan shekaru. Wannan ya nuna toshe rami ya fi ƙara kaya. Abin da ya dame ni shi ne lokacin da gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna a Oktoban 2024 suka yi watsi da ƙudurin, hayaniyar da ta biyo baya kusan duk a kan rabo ce, wa zai sami kaso nawa. Na so in ji an ɗaga murya haka a kan igiyar da ke tsakanin Giwa da Zariya. Ni buƙatata ba ta da yawa. A yanka mini takarda ɗaya a shekara, a rubuta kuɗinta ɓaro-ɓaro a ƙofar kasuwa, in biya a banki, duk wanda ya sake tare ni ko ya tare motata a kama shi. A kuma liƙa a wannan ƙofar abin da aka tara bara da abin da aka yi da shi.

Watan jiya na yaye yaron shagona, wanda ya shekara bakwai yana ɗinke mini buhu. Na haɗa masa jarin buhu biyar, muka samo masa gurbin tebur a bakin layi. Daren da zai fara ya zo ya durƙusa ya ce, "Alhaji, nawa zan ware wa masu takarda?" Na ciro gwangwanin, muka zauna a kan tabarma muka ware waɗanda za su same shi, na tebur, na shara, na sauke kaya, na hanya. Muka haɗa lissafi sau biyu, muka cire kuɗin muka ƙulle a leda daban. Da safe ya tafi Giwa ya sayo buhu huɗu.